Idan na kai ƙarar wariyar shekaru a Amurka na faɗi, wa zai biya kuɗin kotu?

"Assalamu alaikum, Barista. Ni mazaunin birnin New York ne, shekaruna 58, kuma na yi shekara 19 ina aiki a sashen lissafi na wani kamfanin dakon kaya mai ma'aikata sama da ɗari biyu. Makonni biyu da suka wuce aka sallame mu mu takwas, aka ce rage ma'aikata ake yi. Da na duba sai na ga kusan dukanmu mun haura hamsin, kuma yaron da na koya wa aiki, ɗan shekara talatin, shi ke zaune a kujerata yanzu. An ba ni takarda in sa hannu a biya ni albashin wata uku, da sharaɗin ba zan kai ƙara ba. Ina so in nemi haƙƙina, amma wani ɗan'uwa ya ce idan na faɗi shari'ar ni zan biya lauyoyin kamfanin, har sai an sayar da abin da na mallaka. Shin haka ne? Wa ke biyan kuɗin kotu a irin wannan ƙara?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya musanya maka da abin da ya fi alheri, domin rasa aiki bayan shekara 19 ba ƙaramin abu ba ne, balle a ce wanda ka raina da hannunka aka ɗora a gurbinka. Idan na fahimce ka, abu biyu kake son sani: ko dokar Amurka ta san abin da aka yi maka a matsayin laifi, da kuma nawa zai fita daga aljihunka idan ka shiga kotu aka ba ka rashin gaskiya. Amsar a taƙaice ita ce, maganar ɗan'uwanka akwai kuskure a cikinta, amma akwai ɗan abin da ya faɗa daidai. Da wuya ƙwarai kotu ta sa ma'aikacin da ya faɗi irin wannan shari'a ya biya lauyoyin kamfani. Sai dai akwai wasu kuɗaɗe dabam, ƙanana idan aka kwatanta da kuɗin lauya, waɗanda a kotun tarayya galibi wanda ya faɗi ake ɗora wa, kuma mutane da yawa ba sa jin labarinsu sai ranar da takardar biya ta iso.

Na san inda tsoron ɗan'uwanka ya samo asali. Kotunan Najeriya da na Gana sun gaji tsarin Ingila, inda ƙa'ida ita ce wanda ya faɗi shari'a ya biya wanda ya ci wani abu na wahalar da ya sha. Amurka ta saba da akasin haka tun da daɗewa: kowa ya biya lauyansa, ya ci ko ya faɗi, sai fa idan wata doka ko yarjejeniya ta ce akasin haka. Kotun Ƙolin ƙasar ta sake jaddada wannan ƙa'ida a 1975 a shari'ar kamfanin bututun mai na Alyeska. Daga wannan tushe za mu fara lissafi.

Abin da dokar ta tanada

Dokar tarayya da ta hana nuna wariyar shekaru a wurin aiki, wadda ake taƙaita sunanta da ADEA, an kafa ta ne a 1967. Tana kare wanda ya kai shekara 40 zuwa sama, kuma ta shafi kamfanin da ke da ma'aikata 20 ko fiye, don haka ta rufe ka, ta kuma hau kan kamfaninku. Ta hana a kori mutum, ko a ƙi ɗaukarsa, ko a rage masa matsayi ko albashi saboda shekarunsa. Ba dole ne wanda ya maye gurbinka ya kasance ƙasa da arba'in ba. A 1996, a shari'ar O'Connor, wanda aka kora yana da shekara 56 aka sa ɗan shekara 40, Kotun Ƙoli ta ce abin dubawa shi ne ko sabon ya gaza tsohon da shekaru masu yawa. Tazarar shekara 28 da ke tsakaninka da yaron nan ta wuce a yi gardama a kanta.

Wanda ya ci shari'a a ƙarƙashin wannan doka yana samun albashi da sauran haƙƙoƙin da ya rasa tun daga ranar kora, kuma ana iya mayar da shi bakin aikinsa, ko a ba shi kuɗin wani lokaci na gaba idan komawar ba za ta yiwu ba. Idan aka tabbatar kamfanin da gangan ya karya dokar, ko bai damu da ko yana karya ta ba, ana ninka kuɗin albashin da aka rasa. Abin da dokar tarayyar ba ta bayarwa shi ne diyyar ɓacin rai da zubar da mutunci, wanda a ganina giɓi ne babba, domin a ofishina na lura cewa abin da ya fi ci wa dattawa tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka fitar da su, fiye ma da albashin. Sa'arka ita ce kana New York. Dokar kare haƙƙin ɗan Adam ta jihar da kuma ta birnin duka sun hana wariyar shekaru, duka kuma suna ba da diyyar ɓacin rai, har ma da diyyar ladabtarwa idan abin ya yi muni.

Kuɗin lauya

Dokar ADEA ta aro tsarin biyan lauya daga dokar albashi ta 1938, kuma wancan tsari hanya ɗaya yake fuskanta. Ya ce idan ma'aikaci ya ci, kotu za ta sa wanda aka kai ƙara ya biya kuɗin lauyan mai ƙara gwargwadon abin da ya dace, tare da kuɗin gudanar da shari'ar. Bai ambaci kamfanin da ya ci ba ko kaɗan. Majalisa da niyya ta yi haka, saboda ta san cewa mutumin da aka kora ba shi da ƙarfin da zai kara da kamfani a wajen ɗaukar lauya, kuma idan aka ce wanda ya faɗi zai biya, ba mai ƙarfin halin shigar da ƙara ko da yana da gaskiya. Alƙali yana lissafa kuɗin ne ta hanyar duba awowin da lauyan ya yi yana aikin, ya ninka da abin da lauyoyi irinsa ke karɓa a awa a wannan gari, sannan ya rage idan ya ga an cika ciki ko kuma nasarar ba ta taka kara ta karya ba.

Kamfanin da ya ci yana iya samun kuɗin lauyansa ne kawai idan ya nuna cewa da mugun nufi aka kawo ƙarar, ko aka gudanar da ita: misali mai ƙara ya san ƙarya yake yi, ko ya ƙirƙiro takarda, ko ya lalata hujja, ko ya shiga kotu don ya wahalar da wani kawai. Yawancin kotunan ɗaukaka ƙara na tarayya a kan wannan ma'auni suke. Faɗuwa shari'a kaɗai ba ta nuna mugun nufi. A dokar jihar New York ma sai kamfanin ya gamsar da kotu cewa ƙarar ba ta da tushe ko makama tun asali kafin a ba shi komai na lauya. Mutumin da ya shekara 19 yana aiki, aka sallame shi tare da tsararrakinsa, aka sa ɗan talatin a kujerarsa, ba wanda zai kira ƙararsa marar tushe, ko da a ƙarshe bai yi nasara ba. Abin da kawai zan ja kunnenka a kai shi ne gaskiya. Kada ka ƙara gishiri a labarinka, kada ka goge saƙo daga waya, kada kuma ka kwashi takardun sirri na kamfanin da ba ka da izinin ɗauka, domin irin waɗannan su ne ke buɗe ƙofar da doka ta rufe.

Lauyanka kuwa, mafi yawan masu kare ma'aikata a Amurka suna aiki ne bisa tsarin sai an ci a biya. Ba ka ba shi komai a farko, idan an samu kuɗi ya ɗauki kasonsa, galibi kashi ɗaya cikin uku, wani lokaci har kashi 40 cikin ɗari, idan ba a samu ba ya yi asarar lokacinsa. Wannan tsari yana da wani amfani da mutane ba su cika lura da shi ba: lauyan da ya yarda ya ɗauki shari'arka a kan wannan sharaɗi ya auna ta ya ga tana da ƙarfi, kuma idan lauyoyi uku ko huɗu masu ƙwarewa a fannin suka ƙi ɗauka, wannan ma amsa ce da ya kamata ka saurara.

Kuɗin gudanar da shari'a, inda haɗarin yake

A nan ne ɗan'uwanka ya kusa gaskiya. Ƙa'ida ta 54 ta dokokin gudanar da shari'a a kotunan tarayya ta ce a bai wa wanda ya ci kuɗin gudanar da shari'a, ban da na lauya, sai idan wata doka ko alƙali ya ce a'a. Wannan ƙa'ida ba ruwanta da ko kai ma'aikaci ne ko kamfani, kuma ba ta buƙatar a nuna ka yi mugun nufi. Ka faɗi, a rubuto maka lissafi.

Abin da ke sassauta lamarin shi ne doka ta ƙayyade abubuwan da za a iya sawa a lissafin, kuma ba su da yawa: kuɗin da aka biya magatakardan kotu, kuɗin rubuta bayanan da aka ɗauka bisa rantsuwa, kuɗin buga takardu da kwafinsu idan shari'ar ta buƙace su, kuɗin shaidu, da ladan tafinta da na masanin da kotu da kanta ta naɗa. Kuɗin halartar shaida dala 40 ne a yini, ban da na mota da masauki. Idan kamfanin ya ɗauko masanin lissafi ya biya shi dubban daloli don ya zo ya ce korar ba ta da alaƙa da shekaru, ba za a ɗora maka ladansa ba, dala 40 ɗin nan ce dai, kamar yadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1987. Haka kuma a 2012 ta yanke cewa ladan tafinta ya tsaya ga mai fassara magana baki da baki, bai haɗa da mai fassara takardu ba. Wannan ya shafi mutanenmu kai tsaye, saboda idan ka zaɓi ka ba da bayaninka da Hausa aka kawo tafinta, ladansa yana cikin abin da ake iya ɗora wa wanda ya faɗi.

Abin da ya fi cin kuɗi a wannan lissafi shi ne zaman ɗaukar bayani bisa rantsuwa da ake yi kafin shari'a, inda lauyan kamfani zai zaunar da kai yini guda yana yi maka tambayoyi, wani ma'aikaci na rubuta duk abin da aka faɗa, lauyanka ma ya zaunar da manajojinsu haka. Ana biyan rubutun ne shafi-shafi, kuma zaman yini ɗaya yana iya haifar da shafi ɗari biyu ko uku. A irin shari'o'in mutum ɗaya da suka ratsa hannuna, lissafin da kamfani ke kawowa yakan tsaya a 'yan dubban daloli, ya haura dubu goma idan shaidu sun yi yawa ko an kai ga cikakken zaman shari'a. Ga wanda ba shi da aiki wannan kuɗi ne mai nauyi, ba zan raina shi ba, amma ya yi nisa ƙwarai da abin da kamfani ke kashewa a kan lauyoyinsa, wanda shi ne ɗan'uwanka ya tsoratar da kai da shi.

Ko wannan ɗin ma akwai hanyoyin rage shi. Magatakarda ne ke fara amincewa da lissafin, kuma kana da kwana 7 ka nemi alƙali ya sake dubawa. Alƙali yana da ikon ragewa ko yafewa gaba ɗaya idan ka nuna da takardu cewa ba ka da halin biya, ko shari'ar ta yi kusa ƙwarai, ko kamfanin ya cusa abubuwan da ba a buƙata. Akwai kuma hanyar da aka fi bi a aikace. Na taɓa tsaya wa wata baiwar Allah da ta haura shekara sittin, alƙali ya kori ƙararmu bisa takardu kafin a kai ga zaman shari'a, kamfanin ya kawo lissafin da ya ɗan haura dala dubu shida. Muka ce musu muna da damar ɗaukaka ƙara, wadda za ta ci musu fiye da haka a kuɗin lauya. Aka rubuta yarjejeniya mai shafi ɗaya, ta janye ɗaukaka ƙara, su kuma suka yafe kuɗin. Ta tafi ba ta samu komai ba, ba ta kuma biya kamfanin ko sisi ba. Har yau ina jin zafin wannan shari'a, saboda na yi imani an zalunce ta, hujjar da doka ke nema ce ba mu samu ba.

Wannan tsari na kotun tarayya ban gamsu da shi ba. Babu ma'ana a ce doka ta kare ma'aikaci daga kuɗin lauya don kada tsoro ya hana shi neman haƙƙinsa, sannan a bar wata ƙaramar ƙofa da wannan tsoron zai shigo ta cikinta. Kotun Ƙolin jihar Kalifoniya ta ga haka a 2015, a shari'ar Williams, inda ta yanke cewa a ƙarƙashin dokar hana wariya ta jihar ba za a ɗora wa ma'aikacin da ya faɗi ko da kuɗin gudanar da shari'a ba sai idan ƙararsa ba ta da tushe. Hukuncin na dokar Kalifoniya ne, bai kai gare ka a New York ba, amma ya nuna maka cewa kotun da aka shigar da ƙara da dokar da aka dogara da ita suna sauya lissafin, kuma tambaya ce da ya dace ka yi wa lauyanka tun ranar farko.

Akwai kuma naka kuɗin da za a kashe yayin da ake tafiya. Shigar da ƙara a kotun tarayya dala 405 ne, wanda ba shi da hali yana iya neman a ɗage masa. Sai kuɗin rubuta bayanan manajojin da lauyanka zai yi wa tambayoyi, da na masani idan an buƙaci wanda zai lissafa asararka. Lauyoyi da yawa suna fara biya daga aljihunsu su cire idan an ci. Abin da za ka duba a yarjejeniyarku layi biyu ne: idan an faɗi, wa zai ɗauki waɗannan kuɗaɗe, kuma idan an ci, ana cire su kafin a raba kaso ko bayan an raba. A misali, idan aka samu dala 90,000 kuma an kashe 9,000, lauyan da zai ɗauki kashi ɗaya cikin uku kafin a cire kuɗin zai bar ka da 51,000, wanda zai ɗauka bayan an cire zai bar ka da 54,000.

Dabara ɗaya ta kamfanoni ta rage da ya kamata ka sani. Ƙa'ida ta 68 ta dokokin gudanar da shari'a a kotunan tarayya ta ba wanda ake ƙara damar yi maka tayin kuɗi a rubuce, kana da kwana 14 ka karɓa. Idan ka ƙi, aka je shari'a ka ci amma abin da aka ba ka bai wuce tayin ba, kai za ka biya kuɗin gudanar da shari'ar da aka kashe bayan ranar tayin. Wato mutum yana iya cin shari'a ya kuma biya. Irin wannan takarda idan ta zo, ba a amsa ta da fushi, zama ake yi da alƙalami a yi lissafi.

Me ya sa ake yawan faɗuwa

Duk wannan bayani na kuɗi yana rataye ne a kan tambaya guda, wato yiwuwar ka ci. Hausawa sun ce shari'a mace ce da ciki, kuma a wannan fanni maganar ta fi ko'ina gaskiya. Dalili shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na 2009 a shari'ar Jack Gross, wani ma'aikacin kamfanin inshora a jihar Iowa da aka rage wa matsayi yana da shekara 54. Masu taimaka wa alƙali yanke hukunci sun ba shi gaskiya da farko, amma Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce bai isa ma'aikaci ya nuna cewa shekaru na cikin dalilan da aka duba ba. Dole ya nuna cewa ba don shekarunsa ba da ba a yi masa abin da aka yi ba, kuma nauyin hujjar yana wuyansa daga farko har ƙarshe. Da aka sake shari'ar bisa sabon ma'aunin, Gross ya faɗi.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne bambancin shekaru da tsada. A 1993, a shari'ar Biggins, wanda aka kora yana da shekara 62 saura 'yan makonni ya cancanci fansho, kotun ta ce yawan shekarun aiki dabam, yawan shekarun haihuwa dabam, kuma korar mutum don kauce wa fanshonsa, ko da ta saɓa wa wata doka, ba lallai ta zama wariyar shekaru ba. Don haka ka sa ran kamfaninku zai ce albashinka ne ya yi yawa, yaron kuma ya fi arha. Abin da zai rushe wannan magana shi ne hujja: takardun auna ƙwazonka na shekarun baya, maganganun manajoji irin su "muna buƙatar sabon jini" ko "yaushe za ka yi ritaya", musamman idan daga bakin wanda ya yanke shawarar korar suka fito kuma kusa da lokacin, da kuma nuna cewa aikinka bai mutu ba, wani aka ba. Wannan na ƙarshe yana da ƙarfi a labarinka, saboda wanda ya ce rage ma'aikata yake yi sannan ya cike gurbin da ya rage yana da bayanin da zai yi wa kotu. Dokar birnin New York ta fi sauƙi a nan, domin a ƙarƙashinta ya isa ka nuna cewa shekaru sun taka rawa wajen yi maka abin da ba a yi wa wasu ba, shi ya sa ba na shigar da irin wannan ƙara a birnin ba tare da na haɗa da ita ba.

Takardar da ke hannunka

Kafin maganar kotu ma, takardar nan ce abin gaggawa. Wata doka ta 1990 ta sa sharuɗɗa masu tsauri kafin yafewar haƙƙin kai ƙara daga ma'aikaci ɗan shekara 40 zuwa sama ta yi aiki. Dole takardar ta kasance cikin harshen da za a fahimta, ta ambaci dokar ADEA da sunanta, ta shawarce ka a rubuce ka ga lauya, ta kuma ba ka wani abu fiye da wanda dama haƙƙinka ne. Idan mutum ɗaya aka sallama ana ba shi kwana 21 ya yi nazari, idan rukuni ne kamar naku kwana 45 ne, kuma bayan sa hannu akwai kwana 7 na janyewa. Abin da ya fi muhimmanci gare ka shi ne, a korar rukuni dole kamfanin ya ba ka jerin muƙamai da shekarun waɗanda aka sallama da na waɗanda aka bari a sashen da aka yi zaɓen. Duba ambulan ɗin da aka ba ka. Idan jerin yana ciki, hujjar farko ta shari'arka kamfanin ya miƙo maka da hannunsa. Idan ba ya ciki, yafewar ba ta cika sharaɗi ba.

A 1998 Kotun Ƙoli ta duba shari'ar Dolores Oubre, wadda aka ba kwana 14 kacal ta sa hannu ta karɓi kuɗin sallama. Kotun ta ce yafewar ba ta ɗaure ta ba, kuma ba sai ta mayar da kuɗin ba kafin ta kai ƙara. Kada wannan ya sa ka sa hannu da tunanin za ka warware daga baya. Kariyar ta shafi ƙarar da ke ƙarƙashin dokar tarayya ne kawai, kuma sa hannun yana iya kashe haƙƙinka na dokar jiha da ta birni, waɗanda su ne suka fi maka amfani. Ka kuma sani cewa albashin wata uku tayin farko ne. Sau da yawa wasiƙa ɗaya daga lauya, wadda ta nuna an karanta jerin shekarun nan da kyau, tana sa a ƙara, kuma mafi yawan irin waɗannan rigingimu a teburin sulhu suke ƙarewa, inda kowa ke ɗaukar kuɗin da ya kashe, batun wanda ya faɗi bai ma taso ba.

Idan sulhu bai yiwu ba, matakin farko kyauta ne. Kafin ka je kotun tarayya dole ka shigar da koke a hukumar tabbatar da daidaito a wurin aiki, EEOC, wadda ba ta karɓar ko kwabo, ba ta kuma buƙatar ka zo da lauya, tana ma da tsarin sasanci kyauta. A New York kana da kwana 300, a wasu jihohi 180 ne, kuma ana fara ƙirga ne daga ranar da aka sanar da kai korar, ko da ka ci gaba da karɓar albashi bayan haka. Bayan kwana 60 da shigar da koken kana iya zuwa kotu, idan kuma hukumar ta rufe fayil ta aiko maka da sanarwa, kwana 90 kawai ya rage maka. Na ga shari'o'i masu ƙarfi sun mutu a kan waɗannan ranaku, mai su yana jiran ya huce ko yana jiran wani babba ya sa baki. Ka yi hattara kuma da shigar da koke kai tsaye a hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta jihar New York kafin ka yi shawara, domin zaɓar wannan hanya yakan rufe maka ƙofar kai ƙara kotu a ƙarƙashin dokar jihar.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga nan ke nan, tunda ban ga takardunka ba, kuma guda ɗaya daga cikinsu tana iya sauya duk lissafin da na yi. Kamfanoni da yawa suna sa ma'aikaci ya sa hannu, wani lokaci a cikin tarin takardun ranar fara aiki, cewa duk rigimar da ta taso za a kai ta gaban mai raba gardama mai zaman kansa maimakon kotu, kuma tun 1991, a shari'ar Gilmer, wadda ita ma ta wariyar shekaru ce, Kotun Ƙoli ta ce irin wannan sharaɗi yana aiki. Idan kana da shi, ƙa'idojin wancan zaure da abin da yarjejeniyar ta ce su ne za su faɗi wanda zai biya me, ko da yake galibi kamfani ne ke biyan ladan mai raba gardamar. Idan kuma kana cikin ƙungiyar ƙwadago, yarjejeniyarta da kamfanin tana da nata matakai da nata ranaku.

A wannan makon, ka rubuta duk abin da ka tuna da kwanan wata da sunan wanda ya faɗa tun kafin ya dusashe, ka tattara takardun auna ƙwazonka da na albashi da wasiƙar kora, ka kuma fara neman wani aiki kana ajiye shaidar kowace takardar neman aiki da ka aika, saboda kotu tana rage diyyar wanda ya zauna bai nema ba. Sannan ka ga lauyan ƙwadago mai lasisin New York da ambulan ɗin a hannunka. Da yawansu ba sa karɓar kuɗi a zaman farko. Idan kwana 45 aka ba ka kamar yadda doka ta ce, makonni biyu sun riga sun tafi, saura kwana 31.